Fom ɗin da ke kulle a durowa: muhawara kan dukiyar 'yan takara

Ɗan Kusugu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga lauyoyi da akantocin cikinmu ce. Duk kakar zaɓe sai ka ji ana cewa wane ya bayyana kadarorinsa, wane ya ƙi. Shin akwai dokar da ta tilasta wa mai neman gwamna ko shugaban ƙasa ya faɗi abin da ya mallaka kafin mu dangwala masa? In akwai, ina ake zuwa a gani?

Barista Ƙofar Soro: Wa alaikumus salam, ƙanena. Babu. Doka ba ta tambayi ɗan takara dukiyarsa ba, wanda ya ci zaɓe take tambaya. Sashe na 140 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓen shugaban ƙasa ba zai fara aiki ba sai ya bayyana kadarorinsa da basussukansa, sannan ya yi rantsuwa. Sashe na 185 ya faɗi haka kan gwamna, na 52 kan 'yan Majalisar Tarayya, na 94 kan 'yan majalisar jiha. Ka ga duk bayan an gama ƙirga ƙuri'a ne.

Abin da ɗan takara ke miƙa wa INEC ta hannun jam'iyyarsa shi ne fom EC9, wanda a da ake kira CF001. A ciki akwai shekarun haihuwa, makarantun da ya yi, inda ya yi aiki, ko ya taɓa yi wa wata ƙasa mubaya'a, ko kotu ta taɓa ɗaure shi, ko an taɓa ayyana shi a matsayin wanda ya karye da bashi. Babu gurbin gida, babu na gona, babu na asusun banki.

Shi kuma fom ɗin kadarorin, Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ake kai wa, wato CCB. Sakin layi na 11 a jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin ya ce a cika shi da shiga ofis, a sake duk bayan shekara 4, a sake ranar sauka. Daga nan sai ya shiga durowa.

Ɗan Kusugu: To Barista, ni talaka ba ni da ikon zuwa in ce a nuna mini?

Barista Ƙofar Soro: A takarda kana da shi. Jadawali na uku, sakin layi na 3(c), ya ce hukumar ta ajiye fom ɗin, ta kuma bar duk ɗan ƙasa ya duba, amma bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya. Tun 1999 majalisar ba ta gindaya su ba. Kuma su wa ke cikin majalisar? Mutanen da fom ɗinsu ke cikin durowar. An bai wa kura ajiyar nama.

Da aka sa hannu kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai a watan Mayun 2011, wadda ta bai wa ma'aikata kwana 7 ta amsa buƙata, mutane sun ɗauka ƙofa ta buɗe. Hukumar ta ci gaba da cewa bayanan sirrin mutum ne. Ƙungiyar SERAP ta kai ƙara, a 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ƙi tilasta wa hukumar, hujjarta dai ita ce majalisa ba ta fitar da sharuɗɗan ba.

Baba Mai Ritaya: Ai mu Katsinawa ba mu da abin kunya a nan. Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'adua ya buɗe nashi tun yana gwamna a 1999, ya sake a watan Yunin 2007 da ya hau shugabancin ƙasa, kimanin naira miliyan 856, da bashin da ke kanshi kusan miliyan 89. Marigayi Buhari ma a Satumbar 2015 an faɗa mana: kuɗi ƙasa da miliyan 30 a banki, gidaje biyar, gidajen ƙasa biyu a Daura, shanu 270, tumaki 25, dawakai 5. Wa ya tilasta masu? Halin mutum ne kawai. Mai gaskiya ba ya buƙatar doka, maras gaskiya kau ko an yi dokar sai ya zagaye ta.

Akanta Funtuwa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma misalan nan biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancinsu shi ne gaba ɗayan maganar. Na 2007 an fitar da shi da ƙima: abu kaza, darajarsa kaza, jimla kaza, bashi kaza. Na 2015 taƙaitaccen bayani ne da mai magana da yawun shugaban ƙasa, Garba Shehu, ya fitar. An ce gidaje biyar, ba a ce nawa kowane ya kai ba. An ce akwai hannun jari a Berger Paints da Union Bank da Skye Bank, ba a ce guda nawa ba. Ba zargin kowa nake ba, Allah ya jiƙansu duka. Ina cewa ne akanta ba zai iya aiki da irin wannan jerin ba, don babu abin da zai ɗora a sikeli bayan shekara huɗu.

Amfanin fom ɗin ba sanin ko mutum mai kuɗi ne ba. Gwamnan Oyo, Seyi Makinde, ya bayyana kimanin naira biliyan 48 a 2019, ba wanda ya ce laifi ne. Amfaninsa a haɗa na shiga da na fita a ga tazara. Sakin layi na 11(3) ma haka ya ce: duk abin da ya ƙaru bayan bayyanawa, wanda albashi ko kyauta ko rancen da doka ta yarda da su ba za su iya bayyana shi ba, ana ɗaukarsa haramtacce har sai mai shi ya kawo hujja. Wato nauyin hujja ya koma kan mai muƙami. Wannan babban makami ne, amma ba ya aiki sai akwai adadin farko.

Sannan na 'Yar'adua da na Buhari duka bayan sun ci zaɓe ne. Mai ƙuri'a bai gani ba lokacin da ganin zai yi masa amfani.

Hajiya Malamar Lissafi: Akanta, tunda tazara ake dubawa, mai wayo ai sai ya kumbura na shiga.

Akanta Funtuwa: Kin taɓo inda yake ciwo, Hajiya. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace yawa, kuma mutane sun fi zaton ɓoyewa ake yi, alhali ƙari ake yi. Mutum yana da gida biyu, sai ya rubuta bakwai. Yana da miliyan 40, sai ya rubuta tsabar kuɗi miliyan 900 a gida. Ya riga ya yi wa satar da bai yi ba tukuna masauki. Ranar sauka sai ya ce ga shi, abin da na shigo da shi na fita da shi. Irin wannan zargi yana cikin tuhumar da aka yi wa Bukola Saraki a 2015, kodayake Kotun Ƙoli ta sallame shi a Yulin 2018.

Maganinta tantancewa a watannin farko, ba bayan shekara takwas ba. Ga yadda ake yi in da gaske ake. Kuɗin banki: a karɓi bayanin asusu na ranar da aka cika fom, a bi lambar BVN a ga ko akwai wasu asusun da ba a ambata ba. Tsabar kuɗi: a ce ya kawo a ƙirga, ko ya zuba a banki. Wanda ya ce yana da miliyan ɗari tara a ɗaki, a tambaye shi ta ina suka shigo, tunda dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Hannun jari: a tambayi masu rajistar hannayen jarin. Kamfani: a duba hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Sai na ƙarshe, wanda ya fi kama mutane, a ɗora fom ɗin kusa da takardar harajinsa ta shekara uku. Wanda ya shaida wa ofishin haraji cewa miliyan 3 yake samu a shekara, ya kuma shaida wa CCB cewa yana da biliyan 2, to ɗaya daga cikin takardun biyu ƙarya ce, ya zaɓi wacce.

Mai Awon Fili: Ku 'yan banki aikinku da sauƙi. Dukiyar mutumin Arewa ba a banki take ba. Bari in faɗi inda fom ɗin ke yoyo a ƙasarmu.

Fili mai takardar mallakar gwamnati ba wuya: akwai lambar fayil, lambar fuloti, taswira, ana iya bincikawa a ma'aikatar filaye. Amma yawancin gonaki daga Ɗanja zuwa Mai'aduwa ba su da wannan. Takardar ciniki ce ta hannu, da sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu biyu. Irin wannan takarda ana iya rubuta ta yau a sa mata kwanan watan shekara goma baya. Gonar gado da ba a raba ba ita ma haka: mutum zai ce ta gidanmu ce, mu goma sha bakwai ne, alhali ya daɗe da biyan sauran magada.

Ko mai takardar gwamnatin ma, sau da yawa mai saye ba ya canja suna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da mallaka, kuma akwai kuɗin da ake biya, don haka sai a riƙe takardar da sunan mai shi na farko, a haɗa da yarjejeniyar ciniki a ajiye a gida. Ka je ma'aikata ka nemi sunan ɗan takara, ba za ka ga komai ba, shi kuwa yana da layi guda.

Shanu suna hannun makiyayi, ba rasit. Masara da waken suya suna sito a Dandume da sunan dillali. Tireloli suna da sunan direba ko ƙane. Don haka in za a gyara fom, dole kowane fili a rubuta girmansa da hekta, unguwa, ƙaramar hukuma, shekarar da aka samu, hanyar da aka samu (saye, gado, kyauta ko rabon gwamnati), da nawa aka biya. "Gona a Malumfashi" ba bayani ba ne. Kadada biyu gona ce, kadada ɗari biyar ma gona ce.

Kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ni nake ganin buɗewa ga jama'a ta fi ma'aikatan hukuma amfani. Jami'in da ke Abuja bai san na wane ne gidan man da ke bakin hanyar Kankiya ba. Mai shayin da ke gefensa ya sani.

Hajiya Malamar Lissafi: Ina da ja a kan batun iyali. Kundin tsarin mulki ya ambaci 'ya'yan da ba su yi aure ba, 'yan ƙasa da shekara 18. Fom ɗin kuma yana tambayar dukiyar mata ko miji. A addininmu dukiyar mace tata ce, sadakinta da gadonta da sana'arta, miji ba shi da iko a kai. Me ya sa za a baje zinaren baiwar Allah a jarida don mijinta yana neman kujera? Ba ita ta tsaya takara ba.

Amma kuma na san in aka cire mata an gama. Mai mata huɗu da 'ya'ya ashirin, rabinsu sun haura 18, yana da rumbu fiye da goma da doka ba ta leƙawa. Ɗalibi ɗan shekara 22 sai ka ga shi ne daraktan kamfanin da ke karɓar kwangila. Abin da nake gani shi ne a raba biyu: abin da mace ta mallaka kafin miji ya shiga ofis a ba hukuma a rufe, abin da ya shigo hannunta ko hannun 'ya'ya bayan ya shiga, komai shekarunsu, a buɗe.

Barista Ƙofar Soro: Hajiya, rabonki ya yi ma'ana. Ƙari a kan kamfanonin 'ya'ya: dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk wanda ke da iko na haƙiƙa a kamfani, daga kashi 5 cikin ɗari zuwa sama, kuma CAC ta buɗe rajistar a 2023, kowa na iya bincikawa ta intanet. Rauninta shi ne abin da kamfani ya faɗa shi ake rubutawa. In an sa sunan yaron gida, sunan yaron gida za ka gani.

Baba Mai Ritaya: Duk na ji ku. Amma kuna magana kamar ba a Katsina kuke ba. Jihar da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, inda mutumin Batsari ko Faskari ke ɓoye sabon babur don kar a ce ya samu, nan za ku ce mutum ya buga jerin gidajenshi da kuɗinshi? Kun rubuta wa masu garkuwa farashi ke nan. Ba shi kaɗai ba, har ƙannenshi da ke ƙauye. Bayan su ga 'yan uwa da 'yan maula. Mutumin kirki mai ɗan rufin asiri sai ya ce a kai kasuwa.

Akanta Funtuwa: Wannan damuwa ce ta gaske, Baba, ba a raina ta. Sai dai ba sai an buga komai ba. A Amurka, dokar 1978 ta sa mai neman shugabancin ƙasa ya miƙa bayanin dukiyarsa tun yana ɗan takara, amma ba a rubuta adadi daidai, rukuni ake zaɓa, tsakanin kaza da kaza, kuma ba a sa lambar asusu. Mu ma ana iya cewa: gida a ƙaramar hukumar Katsina, an saya 2014, ƙima tsakanin miliyan 50 da 100. Ba lambar gida, ba sunan yara. Cikakken yana wurin hukuma. Ɗan bindiga kuwa ba fom yake jira ba. Wanda ke yawo da jerin motoci goma sha biyu yana raba shinkafa ya riga ya yi shela.

Malam Na Bakin Kasuwa: Wani abin da za a ƙara, don kar a ɗauka baƙon abu ne Turawa suka kawo. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, in zai naɗa gwamna sai ya sa a rubuta abin da ya mallaka, in ya dawo da ƙari mai yawa sai a raba, a mayar da rabi baitulmali. Kuma hadisin Ibnul Lutbiyya sananne ne, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Rufin asiri na wanda ya zauna a gidansa ne. Wanda ya fito ya ce a ba shi amanar mutum miliyoyi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Baba Mai Ritaya: Allah gafarta Malam, Umar shi ke rubutawa, kuma shi ke hukuntawa, ba tsoron kowa. Namu fa? Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ba ta tashi sai a kan wanda ya saɓa da masu mulki. Alƙalin Alƙalai Onnoghen, makonni kaɗan kafin zaɓen 2019 aka tuno da fom ɗinshi.

Barista Ƙofar Soro: A nan ina tare da kai, Baba, kuma hujjar tamu ce ba taka ba. An dakatar da Onnoghen a Janairun 2019, kotun ta same shi da laifi a Afrilu, sai a Nuwambar 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi. Tinubu ma an gurfanar da shi a 2011 kan asusun ƙasashen waje lokacin yana adawa, aka sallame shi. Ko me mutum ke gani game da waɗannan shari'u, abu ɗaya ya bayyana: in fom yana kulle, mai riƙe da makulli shi ke zaɓen ranar da za a buɗe da wanda za a buɗe wa. In a buɗe yake tun farko, ba wanda zai ajiye shi ya zama wuƙar aljihu.

Hukuncin kansa ba wasa ba ne: sauka daga kujera, haramcin riƙe muƙami har shekara 10, da ƙwace dukiyar. Amma shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu suna da rigar kariya ta sashe na 308, ba a gurfanar da su sai sun sauka. Wani dalilin ke nan da ya sa ganin fom kafin zaɓe ya fi ganinsa bayan rantsuwa. Indiya tun hukuncin Kotun Ƙolinsu na 2002 da 2003 kowane ɗan takara ke haɗa takardar rantsuwa ta dukiya da bashi, har na matarsa, ana kuma sa ta a intanet. Ko maƙwabtanmu Nijar, tsarin mulkinsu na 2010, kafin sojoji su jingine shi a 2023, ya ce shugaban ƙasa ya miƙa bayanin dukiyarsa cikin awa 48 da rantsuwa, ya sabunta duk shekara, a kuma buga a jaridar gwamnati.

Akanta Funtuwa: Ni fa duk kun fi damuwa da shafin kadara. In za a ba ni shafi ɗaya tak, na bashi zan ɗauka, da jerin waɗanda suka ba da kuɗin kamfe. Dukiya tana nuna inda mutum ya fito, bashi yana nuna wanda zai yi wa aiki.

Ku duba lissafin dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita. Iyakar kashewa a lokacin: shugaban ƙasa biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, na jiha miliyan 30. Mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da miliyan 50 ba. To rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar. Raba biliyan 5 a kansu, kowace rumfa ta samu kimanin naira 28,000, kuma a ciki za a biya ejan, a yi fosta, a sayi lokaci a rediyo, a ɗauki hayar jirgi. A Katsina mazaɓu 361 ne a ƙananan hukumomi 34. Biliyan 1 ta zama ƙasa da miliyan 3 kowace mazaɓa, na kamfe gaba ɗaya. Fom ɗin APC kaɗai a 2022 miliyan 100 ne na shugaban ƙasa, 50 na gwamna, 20 na sanata, wato kashi ɗaya cikin biyar na iyakar sanatan. Na PDP miliyan 40 na shugaban ƙasa, 21 na gwamna. Ba a zo kan daliget ba, inda kowa ya san da dala ake magana kuma ba rasit.

Tarar wanda ya wuce iyaka kuwa, a dokar ta 2022, kashi 1 cikin ɗari na iyakar ce, ko ɗaurin wata 12, ko duka. Ga gwamna miliyan 10 ke nan. Kuɗin man jerin gwano.

Ɗan Kusugu: To ba a kai wa INEC lissafin abin da aka kashe?

Akanta Funtuwa: Jam'iyya ce ke kaiwa, ba ɗan takara ba, nan ma wani ramin ne. Dokar ta ba ta wata 3 bayan sakamako ta kawo sunayen masu gudummawa, wata 6 bayan zaɓe ta kawo lissafin da odita ya duba, ta kuma buga a jaridun ƙasa biyu. Amma babban kuɗin ba ya bi ta asusun jam'iyya. Ɗan kwangila zai ba da motoci 40 da sunan ƙungiyar magoya baya. Wani ya biya kuɗin fom a ce abokai ne suka haɗa. Dokar kamfanoni ta hana kamfani ba jam'iyya gudummawa, sai mai kamfanin ya raba kuɗin ga mutum goma su bayar da sunansu. Buhari a 2014 ya fito ya ce rancen banki ya ci ya sayi fom na miliyan 27.5. Wannan aƙalla an san mai bin bashin. Wanda uban gida ya kashe wa biliyoyi ba takarda, ba za ka ga bashin a kowane fom ba, sai dai ka gan shi a jerin kwamishinoni da kwangilar taki.

Hajiya Malamar Lissafi: Barista, kafin majalisa ta farka, me mutum zai iya yi da abin da ke hannu?

Barista Ƙofar Soro: Akwai ɗan abin yi, Hajiya. A dokar zaɓe ta 2022 da aka yi zaɓen 2023 da ita, sashe na 29 ya ce INEC ta liƙa bayanan ɗan takara a mazaɓarsa cikin kwana 7 da karɓa, ya kuma ce kowa na iya rubuta takarda ya biya kuɗin da aka ƙayyade a ba shi kwafi mai hatimi cikin kwana 14. Ba dukiya a ciki, amma akwai tarihin aiki, daga nan ake gane ko albashin da ya taɓa ɗauka zai iya sayen abin da ake gani. Sai dai ƙarar bayanan ƙarya wanda ya shiga zaɓen fidda gwani tare da shi ne kaɗai zai iya shigarwa, a Babbar Kotun Tarayya, kuma shari'ar kafin zaɓe kwana 14 gare ta, in sun wuce ta mutu.

Na biyu, duk ɗan takarar da ya taɓa zama kwamishina, minista, ɗan majalisa, shugaban ƙaramar hukuma ko babban sakatare, yana da fom a CCB, na shiga da na fita. Hukumar ba za ta ba ka ba, amma doka ba ta hana shi ya ba ka ba. Don haka a zauren muhawara ko shirin rediyo kar a tambaye shi ko zai bayyana in ya ci, kowa zai ce e. A ce ya kawo kwafin wanda ya riga ya cika, shafi-shafi, ba 'yar takardar shaidar karɓa da hukumar ke bayarwa ba, don ita suke ɗagawa a ce an bayyana.

Mai Awon Fili: In ya kawo, ku turo mana shafin filaye nan zauren. A duba shekarar da aka ce an samu kowane fuloti, a haɗa da shekarar da aka yanka unguwar. Fulotin da aka ce an saya 2009 a layin da ba a yi awonsa ba sai 2016, ba sai an kira akanta ba.